Jaka Mai Lita Hamsin da Biyar

Jama'a, yau ku yafe min doguwar gaisuwa, a tsaye nake rubuta muku wannan, na kasa zama. Masu turo min saƙo kullum suna cewa "ke wai me kike jira da bawan Allahn nan," ku daure ku kai ƙarshe tukuna, in ya so sai ku zage ni da hujja.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta a gidanmu, kuma duwatsu na karanta, da ruwan da ke ƙarƙashinsu. Eh, duwatsu. Har yau idan ƙawayen Mama suka tambaye ta me na karanta, sai ta ce "kimiyya" ta yi maza ta sauya zance. Wata biyar ke nan ina koyon aiki a wata hukuma mai auna maɓuɓɓugan ruwa. Mu takwas aka ɗauka gwaji, huɗu za a riƙe. Ƙa'idar kuma a rubuce take tun ranar farko: wanda bai yi zagayen dutse ba, ko takardarsa ba za a duba ba. Wuni shida ana tafiya a ƙasa, dare biyar a tanti, kowa da kayansa a bayansa. Jibi Litinin za a tashi.

Yau da safe na baje komai a kan gado. Bargon nan mai zif da ake shigewa ciki, tabarmar roba, rabin tanti (ni da abokiyar aikina za mu raba, ita sanduna ni tufar), gudumar fasa dutse, kwalaben ɗibar ruwa goma sha biyu, tocila, safa ƙafa huɗu, riguna biyu marasa nauyi da wandunansu, mayafai uku masu duhu waɗanda ba sa tona asirin datti. Na ɗauko jakar goyon da na yi jami'a da ita na fara cusawa. Bargon kaɗai ya cinye rabinta. Na hau kanta da gwiwa ina jan zif, sai ji na yi ɓarrr, bakin ya rabe gida biyu.

A haka Mama ta same ni, kofin shayi a hannunta.

"Auta, wannan kayan aiki ne ko na gudun hijira?"

"Na aiki ne, Mama."

"Aikin da mace za ta ɗauki guduma." Ta ɗaga gudumar da yatsu biyu, ta sake ta a kan katifa. "Babanki ya ce in tuna miki, yau yake son jin bakinki a kan yaron nan. Kawunsa ya kira sau biyu, kuma kin san babanki, ba ya son a kira shi yana cewa tukuna."

"Ba sai na dawo ba?"

"Shi ya ce yau. In kina da ja, ga shi can a falo."

Ba ni da ja. Wa ya ga Auta tana ja da Baba.

"Yaron nan" shi ne Lauya. Wata bakwai yana zuwa gidanmu, kuma har yau ban kama shi da wani aibu da zan nuna da yatsa ba, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Mutum ne da kafin ka gama faɗin matsalarka ya riga ya ciro waya. Famfon kicin ya lalace, kafin azahar ga mai gyara. Baba yana neman ganin likitan ido an ce sai wata uku, ya gan shi a kwana biyu. Yayata tana neman makaranta wa ɗanta, Lauya ya san wani. Yanzu a gidanmu ko kwan fitila ne ya mutu sai ka ji an ce a gaya wa Lauya.

Kuma kada in yi muku ƙarya, ina son sa. Na faɗa, ku rubuta. Ina son yadda dariya ke girgiza masa kafaɗu kafin sautin ya fito. Ina son yadda yake zama ya saurari surutuna na duwatsu, har ya yi tambaya, alhali na san bai san bambancin tsakuwa da marmara ba. Abu ɗaya ne ke min tsaye a wuya: duk lokacin da na kawo zancen zagayen nan, sai fuskarsa ta ɗaure kamar an ce masa an ɗage shari'a.

Ina tattara gawar jakar wayata ta yi ƙara. Lauya ne.

"Ranki ya daɗe, na ji an ce jaka ta yi hatsari. Allah ya jiƙanta. Ƙarfe sha ɗaya ina ƙofar gida, na san wani shago."

Ko minti goma ba a yi da fashewar zif ɗin ba. Na leƙa falo, Mama tana goge tebur da hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, tana wani kallon silin.

Na sa doguwar riga ruwan ƙasa mara ado, wando a ciki, baƙin mayafi na naɗe shi tam, sannan na ɗaura sababbin takalman hawan dutsen da aka ce mu riƙa yawo da su kafin tafiya don su saba da ƙafa. Mama ta kalle ni daga sama, ta sauko, ta tsaya a takalman.

"Haka za ki shiga motar mutane? Kamar mai zuwa kashe gobara?"

Shi kuwa da ya gan su dariya ya yi, kafaɗun suka fara, sautin ya biyo. Yana cikin farar riga mai dogon hannu, guga kamar za ta yanki mutum, motar tana ƙamshin turaren nan nasa mai sanyi. A hanya na yi ta zuba, ina lissafa masa maɓuɓɓuga tara da za mu auna, da wadda aka ce sai an yi rarrafe ake kai mata. Ina jiran fuskar ta ɗaure. Ba ta ɗaure ba.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce yana juya sitiyari. "Tafiyar nan ba za ta wahalar da ke ba, in sha Allahu."

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ka ga mutum ya fara fahimta. Har na fara shirya yadda zan sunkuyar da kai a gaban Baba da yamma in ce na amince.

Shagon yana hawa na biyu a wani dogon gini, sama da masu sayar da tayoyi. Matakala ce siririya ta ƙarfe ke kai mutum. Ciki warin sabuwar roba, tantuna a kafe a tsakar ɗaki, igiyoyi a murɗe, bango guda kuma jakunkuna ne tun daga ƙasa har silin. Mai shagon mace ce, za ta kai hamsin da biyar, gajera, tana ɗan ɗingisawa, tabarau a rataye a wuya tare da tef ɗin awo irin na tela. Kowa Anti yake ce mata, ni ma na bi sahu.

"Anti, waccan shuɗiyar nake so."

"Ba a fara da launi a shagona. Juyo min bayanki."

Na juya. Ta ce in sunkuyar da kai. Ta laluba bayan wuyana ta saman mayafi har ta sami ƙashin nan da ke turowa, ta danna shi da yatsa. Ta ce in sa hannuwa a ƙugu, daidai inda ƙashi ya tsaya. Ta ja tef daga can zuwa nan.

"Arba'in da ɗaya. Doguwa ce ke, amma duk tsawon a ƙafa yake, bayanki gajere ne. Da kin sayi jaka da tsayinki, da a dutse za ki yi ta tsine min. Dare nawa?"

"Biyar."

"Ku za ku dafa?"

"Mu za mu dafa."

"Ruwa fa?"

"Akwai a hanya, shi za mu je aunawa."

"To lita hamsin da biyar." Da lita ake faɗin girman cikin jaka, kamar jarka. "Ƙasa da haka, sai kin rataya tukunya da takalmi a waje kina tafe suna kaɗawa. Sama da haka, za ki cika ta da tarkacen da ba ki buƙata, don mutum ba ya ganin wuri a jaka ya ƙyale."

Ta sauko min da shuɗiyar, tunda ita ma hamsin da biyar ce. Na miƙa hannu zan saɓa, ta buge min hannu.

"Jaka ba kaya kowacce daɗi gare ta. Tsaya."

Ta janyo wani kwando cike da ƙananan buhunan yashi, kowanne kilo biyu. Ta fara tura wani tsohon bargo a ƙasan jakar, sannan ta jera buhu bakwai a tsakiya, manne da inda bayana zai kwanta. Ta ce kaya masu nauyi nan ne wurinsu, in suka yi nisa da baya sai su riƙa jan mutum kamar yaro mai rigima a goye. Ta ɗora min. Ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba.

"Bel ɗin ƙugu ake fara ɗaurewa. Ja. Ƙara ja, ba ɗankwali ba ne. Yanzu na kafaɗa. Yanzu waɗannan ƙananan na sama. Na ƙirji shi ne ƙarshe. Sauka matakala ki hawo, sau goma."

"Sau goma, Anti?"

"Dutsen naku hawa nawa ne?"

Na kama hanya. Masu tayoyi suka bar aikinsu suna kallon wata mai mayafi tana hawa tana sauka da jaka kamar an yi mata horo. A hawa na huɗu igiyar kafaɗa ta fara cin wuyana. A na shida hannuna na dama ya fara tsami. Na dawo ina haki, na ce lafiya lau take, don ina son launin.

Anti ta ɗage gefen mayafina ta ga inda ya yi ja. "Maƙaryaciya. Cire."

Ta biyun da ta sauko da ita mummuna ce, ba na ɓoye muku. Launinta tsakanin toka da kore, kamar ruwan wanki. Amma an yanka igiyoyinta don jikin mace, sun kauce wa wuya, kuma bayanta ana matsar da shi sama ko ƙasa. Anti ta daidaita shi a arba'in da ɗaya, ta mayar da yashin, na ɗaure bel. Jama'a, kilo goma sha huɗun nan sai suka sauka a ƙuguna suka zauna. Ta zura yatsu biyu ƙarƙashin igiyar kafaɗata, suka shige ba gardama.

"Kin ji? Ƙugu ke ɗauka, kafaɗa rakiya take yi. Sauka."

Na sauka na hawo, na sauka na hawo, har ina tsallake mataki. A zuwa na takwas ne na ɗago kai na ga Lauya tsaye a bakin matakalar, riƙe da wata 'yar jaka ruwan hoda mai zif na zinariya, kyakkyawa da ita, irin wadda za ka sa littafi biyu da gorar ruwa.

"Ranki ya daɗe, bar wahalar da kanki. Ga taki nan."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. "Wannan ai ko gudumata ba za ta ɗauka ba."

"Za ta ishe ki. Anti, wannan za a sa mana a leda."

Anti ta sa tabarau ɗinta, ta kalli jakar, ta kalle shi. "Lita ashirin ce, ta wuni ɗaya. Yallaɓai, ina za ta sa bargon barcinta?"

"Ba ta buƙatar bargo. Akwai gado a masaukin."

Na tsaya cak, ƙafa ɗaya a mataki na sama, ɗaya a na ƙasa.

Bari in fahimtar da ku. A kan dutse babu masauki. Masauki ɗaya ne a duk tafiyar, a gindin dutsen, inda mota ke tsayawa. Mutum ɗaya ake bari a can tare da direba, yana karɓar kwalaben da aka aiko yana manna musu lamba. A ofis "gadin mota" muke ce wa aikin, kuma kowa ya san wanda aka ba shi bai yi zagaye ba. Ni kuma ban taɓa gaya wa Lauya akwai wani masauki ba.

"Wane masauki?" na ce.

Ya ɗan sosa gira. Ko alamar kunya babu a fuskarsa, murmushi ma yake yi, irin na wanda aka gano kyautar da ya ɓoye kafin lokaci.

"So na yi sai gobe in gaya miki. Shugaban sashenku ajinmu ɗaya a sakandare. Na kira shi shekaranjiya, na ce masa kina da matsalar baya, a duba miki. Mutumin kirki ne, nan take ya ce zai bar ki a masauki. Kin ga kin je tafiyar, kuma ba ki kwana a daji ba."

"Matsalar baya."

"Mama ta ce kin taɓa faɗowa."

"Daga kan lilo. Ina aji uku na firamare."

"To, ai baya ba ya mantuwa."

Ina tsaye da yashi kilo goma sha huɗu a bayan da ake magana a kansa. Zufa tana bin cikin mayafina. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ji kamar in kwance jakar in jefa masa, sai dai Anti ta ɗaure ni da kyau.

"Ka san wanda ya yi gadin mota ba a riƙe shi?"

"Wannan ba abin damuwa ba ne. Na san wani a babban ofishinsu, aikin tebur, da na'urar sanyaya ɗaki." Ya sassauta murya. "Ke fa kika ce min tsoro kike ji."

Nan ne ya same ni, kuma nan ne zan faɗa muku abin da ban so faɗa ba. Gaskiya ne. Ranar Talata a waya na ce masa ina jin tsoro. Na ce ban taɓa kwana a waje ba, ina tsoron maciji, ina tsoron in gaza a rana ta biyu maza su yi min dariya. Na faɗa ne don ya ce min "za ki iya." Kalma uku kawai nake nema. Shi kuma ya ajiye wayata ya ɗauki ta shugabana. Abin da ya fi ba ni haushi, da ya ce akwai gado, wani lungu a zuciyata sai da ya ce alhamdu lillahi. Na ji shi sarai, kuma na tsani lungun nan.

Na zaro waya daga aljihun bel ɗin, na rubuta wa Shugaba: "Barka da rana, Yallaɓai. Lafiyata ƙalau, bayana ba ya ciwo. Ina roƙon a mayar da sunana cikin masu zagaye."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na hau mataki biyu na sauko uku.

"Maganar lafiya ce, kuma daga wajen mutanenki ta zo. Ba zan hau dutse da mutum a kan musu ba, in wani abu ya faru ni za a tambaya. Wanda ya faɗa min ya kira ni da bakinsa ya janye. Ƙarfe biyar nake tura sunaye babban ofis, bayan nan ba hannuna."

Agogon wayar ya nuna biyu da rabi. Na hau na miƙa wa Lauya ya karanta.

"Ka kira shi."

Murmushin ya tafi. "Ba zan iya ba."

"Lambar ce ta ɓace?"

"Mama ce ta roƙe ni. Har hawaye ta yi. Na ba ta alkawari, ba zan warware ba sai da izininta."

Anti ta juya ni kamar buhu, ta kwance bel, ta kwashe yashinta tana mayarwa kwando ɗaya bayan ɗaya. Na ce mummunar nake so. Lauya ya ciro katinsa, na riga shi miƙa nawa. Da take ba ni jakar sai ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ranar farko jiki zai yi ciwo ko da jaka ta dace. Kada ki ɗauka kuskure kika yi, ki ƙara jan bel ɗin kawai."

Ya biyo ni har ƙasa yana cewa in shiga mota mu yi magana. Na tare tasi. Na zauna a baya na rungume jakar, ta fi ni cika kujera. Ga cunkoso a babban titi, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, direban tasin yana ba ni labarin siyasa, ni ina kallon agogo ina karkaɗa ƙafa. Yayata ta kira sau uku ban ɗauka ba, sai ga saƙonta: "Ke Auta, kada ki yi haukan da za ki yi kuka da shi. Irin Lauya ba a samun su a kan dutse." Labari har ya kai gidan aurenta kafin ni in kai gidanmu.

Huɗu saura kwata na shiga. Mama tana ɗakinta tana guga, rigunan Baba a jere a bakin gado. Ta ga jakar a bayana, ta ci gaba da gugarta.

"Mama, ke kika ce ya kira shugabana?"

"Ni ce."

"Kika ce bayana yana ciwo?"

"Da me kike so in ce? In ce uwarta ce ba ta iya barci?" Ta dangwarar da dutsen gugar. "Ke kin san abin da nake gani in na rufe ido? Ke a ƙasan wani rami, waya ba sabis. Kuma in suka riƙe ki, shi ke nan, bana dutse, baɗi dutse. Wane namiji ne zai zauna yana jiran mace ta sauko?"

"Shekara huɗu na yi ina karanta abin nan, Mama."

"Ni shekara ashirin da huɗu na yi ina rainon ki."

Idonta ya kawo ruwa, nawa ma ya kawo. Na durƙusa da jakar a bayana, na riƙe gefen zaninta, na roƙe ta ta kira shi ta ce ya janye. Ta ce ba za ta sa hannu a abin da zai kai ni daji ba, in ina so in tafi, in tafi, amma ba da bakinta ba. Na tashi na fita tsakar gida, na dawo, na shiga kicin na buɗe firij na rufe ban ɗauki komai ba. Huɗu da kwata. Huɗu da ashirin.

Huɗu da rabi Baba ya dawo daga masallaci. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, abu biyu ya tsana a duniya, ƙarya da latti. Ya zauna a kujerarsa ta falo, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya kalli jakar.

"Wannan fa? Har an fara tafiyar?"

Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, ban rage ba, har da tsoron da na ce ina ji. Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Da na gama ya juya wajenta.

"Bayan nata yana ciwo?"

"Ya taɓa yi."

"Yaushe?"

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Tana firamare."

"To Allah ya ƙara sauƙi." Ya miƙo hannu. "Ba ni wayata."

Ya kira Lauya, ya sa a lasifika, ya ajiye a hannun kujera. Bugu ɗaya aka ɗauka. Suka gaisa, gaisuwar da na ji kamar shekara, har da tambayar kawu da jiki.

"Ɗana," Baba ya ce, "an faɗa wa mutumin nan abin da ba haka yake ba, kuma da sunan gidana. Alkawarin da ka yi wa mamanta na ɗauke maka. Ka kira shi ka gyara."

Ina jin ƙarar fanka, ina jin numfashin Mama a bayana.

"Baba, in ka ce in kira, zan kira." Muryarsa ba ta rawa, amma ta yi ƙasa. "Sai dai ba zan ɓoye maka ba, don kada gaba a ce na yi yaudara. Na auna kaina. Ba zan iya zama da matar da aikinta kwana a dutse ne ba. Hankalina ba zai ɗauka ba. In na janye wannan maganar, to sai in ba Kawu haƙuri ya bar maganar auren ma."

Mama ta ce, "Inna lillahi," a hankali.

Ban ji haushinsa ba a lokacin, wallahi. Da ma ya yi tsawa ne, da ma ya yi barazana, da abin ya zo min da sauƙi. Gaskiyarsa ya faɗa, kuma na san har cikin ransa yana ganin kare ni yake yi. Na tuna yadda na shirya sunkuyar da kai a falon nan, a gaban kujerar nan, in ce na amince. Awa biyar kacal da suka wuce.

Baba ya ɗauki wayar ya miƙo ta saitin fuskata.

"Kin ji da kunnenki. Dama yau na ce ina son jin bakinki. Ba zan zaɓa miki ba."

Agogon bango ya nuna biyar saura minti goma sha biyu. Mama ta kira sunana na gida, wanda ba ta kira sai ina zazzaɓi. Ban juya ba, don na san in na ga fuskarta na gama.

"Ka kira shi," na ce.

"Ranki ya daɗe, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ka kira shi."

Sai ya ce, "To," ya yi wa Baba sallama cikin ladabi, ya kashe.

Mama ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Baba ya mayar da hularsa, ya ce in tashi daga ƙasa. Na zo ɗakina na zuba kayan gadon nan cikin jakar yadda Anti ta nuna min, bargo a ƙasa, guduma da kwalabe manne da baya. Komai ya shige, har da sauran wuri. Na yi kuka ina ɗaure igiyoyin, ba zan ce muku ban yi ba.

Biyar ta wuce tun ɗazu, an kusa kiran magariba. Ban sani ba ko ya kira, ko ya kira a kan lokaci, ko layin Shugaba yana shiga. Na tura wa Shugaba saƙo, alama ɗaya ce a jikinsa, bai ma isa ba. Na buɗe shafin Lauya ya fi sau ashirin. Yana kan layi. Tun da muka haɗu bai taɓa bari rana ta faɗi bai tambaye ni ko na ci abinci ba, yau ga ta tana faɗuwa, kuma ban ci ba.